WINDOWS 10 TA YI RITAYA: INA MAKOMAR MASU TSOFAFFIN KWAMFUTOCI?

RAN Talata, 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar nan wadda ta shekara goma tana tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu ko'ina cikin duniya. Tun daga ran 29 ga watan Yuli na 2015 da aka fito da ita, kowane wata kamfanin yakan aiko da gyare-gyare ta intanet domin toshe kafofin da ɓarayi ke bi su shiga injin mutum. Daga waccan Talata aka daina raba wannan faci ga kowa da kowa kamar da.

Washegari kowa ya kunna kwamfutarsa ta tashi lafiya lau kamar yadda ta saba, shi ya sa mutane da yawa ba su ɗauki maganar a bakin komai ba. Alhali kuwa misalin abin kamar gida ne da aka sallami maigadinsa, aka bar ƙofa da tsohon kwado, ɓarayin gari kuma kullum suna koyon sabuwar dabarar ɓalle shi.

Wannan al'amari ya shafi Nijeriya ƙwarai da gaske, domin kuwa da yawa daga cikin kwamfutocin da ɗalibai da 'yan kasuwa da ƙananan ofisoshi ke aiki da su na hannu ne, waɗanda aka fi sani da tokumbo. Sai an ci moriyarsu a Turai ko Amurka sa'an nan su sauka Legas, daga can su watsu zuwa kasuwar Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano, da sauran kasuwannin birane. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar nan kowace shekara. Haka nan kuma a ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 na iya zama shara a duniya saboda ritayar Windows 10. Wanda ya san inda irin wannan kaya yakan nufa ba ya bukatar a gaya masa cewa wani kaso nasa zai bayyana a kan teburan 'yan kasuwar ƙasar nan da farashi mai jan hankali.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarfe da roba da wayoyi waɗanda hannu ke taɓawa, akwai kuma manhajoji, watau jerin umarnin da ke gaya wa ƙarfen abin da zai yi. A cikin manhajojin nan akwai uwa, wadda ita ce ke fara tashi in an kunna inji, ita ke karɓar abin da aka buga a kan allon rubutu, ita ke nuna shi a fuskar kwamfuta, ita ke adana takardu, ita ke magana da na'urar buga takarda. Duk sauran manhajoji, na rubutu ko na lissafi ko na zane, a bayanta suke goye. Windows ɗaya ce daga cikin irin waɗannan iyaye. Akwai kuma macOS ta kamfanin Apple, da Linux wadda za a zo kanta a gaba.

Ritayar babbar manhaja tsohuwar al'ada ce. Kwamfutar tebur ta kamfanin IBM da ta fito a 1981 da DOS take aiki. Windows ta farko ta biyo baya a 1985. Windows XP da ta fito a 2001 an daina kula da ita a watan Afrilu na 2014, Windows 7 ta 2009 kuma aka sallame ta a watan Janairu na 2020. A can baya dai galibi mai tsohon inji yakan iya ɗora sabuwar manhaja ya ci gaba da lallaɓawa. A wannan karon kuwa magajiyar, watau Windows 11, ta zo da sharuɗɗan da suka rufe wa miliyoyin injuna masu ƙoshin lafiya ƙofa.

DARASIN SHEKARAR 2017

Mai tambayar ko mene ne laifin zama da manhajar da ba a yi mata faci, sai ya waiwayi abin da ya auku ran 12 ga watan Mayu na 2017. A ranar wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya kamar wutar daji, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Duk injin da ta shiga sai ta kulle takardun da ke cikinsa, ta nemi fansar dala 300 kafin ta buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati da dama sun tsaya cik, har aka soke ganin likita na marasa lafiya kimanin 19,000.

Abin takaici shi ne, tun cikin watan Maris na wannan shekarar Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe kafar da cutar ta bi. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su ɗora facin ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai Windows 10 da bai yi wani tanadi ba, duk tsagar da aka gano bayan Oktoban 2025 haka za ta zauna a bangonsa babu mai zuwa da laka, kuma da wannan inji yake shiga asusunsa na banki, yake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin shago. Har wa yau a wannan rana ce aka daina kula da Office 2016 da Office 2019, waɗanda su ne manhajojin rubutu da lissafi na shaguna da yawa.

SHARUƊƊAN WINDOWS 11

An fito da Windows 11 ran 5 ga watan Oktoba na 2021. Wasu sharuɗɗanta masu sauƙi ne: ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, ta kai giga 4, faifan ajiya kuma ya kai giga 64. Injuna da yawa sun cika waɗannan. Sharuɗɗa uku ne ke kayar da jama'a.

Na farko shi ne furosesa, watau ɗan guntun da ke yin dukan lissafin inji. In na kamfanin Intel ne, sai zuriya ta takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshe-ƙarshen 2017, in ban da 'yan ƙalilan daga zuriya ta bakwai. In na AMD ne, sai Ryzen 2000 zuwa sama. Na biyu shi ne TPM 2.0, wani ɗan akwatin sirri a cikin inji inda ake ɓoye mabuɗan tsaro yadda ɓarawo ba zai iya kwafe su ba. Na uku kuma injin ya kasance yana tashi ta hanyar UEFI, sabon tsarin da ya gaji tsohon BIOS, yana kuma da abin da ake kira Secure Boot, wanda aikinsa shi ne bincikar sa hannun kowace manhaja da ke neman tayar da inji kafin ya ba ta hanya.

Kowa na iya duba nasa injin ba tare da ya biya kowa ko kwabo ba. Zuriyar furosesan Intel a lambarsa take. Wanda aka rubuta wa i5-6300U na zuriya ta shida ne, i5-8250U kuma na ta takwas. Daga ta goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar 10210U ko 1135G7. Saboda haka kalmar i5 ko i7 ita kaɗai ba ta nuna komai, domin i7 na zuriya ta shida bai cika sharaɗi ba, alhali i3 na ta takwas ya cika. Injunan nan masu ƙarko da aka saba gani a kasuwa, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da Lenovo ThinkPad T460 da Dell OptiPlex 7040, duk 'yan zuriya ta shida ne.

Domin duba TPM, sai a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta tpm.msc a ɗan akwatin da ya fito. In kuma aka rubuta msinfo32 a wurin, za a ga ko injin ta UEFI yake tashi ko ta tsohuwar hanya. Microsoft ya kuma tanadi wata 'yar manhaja kyauta mai suna PC Health Check wadda ke yin dukan binciken ta faɗi sharaɗin da ba a cika ba.

A nan akwai abin lura. Sau da yawa inji yakan ce ba shi da TPM alhali yana da shi, kashe shi kawai aka yi a cikin saitin BIOS. A injunan Intel sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM. Kunna shi aikin minti biyu ne. Akwai waɗanda kan yanke ƙauna su sayar da injin da lafiyarsa ƙalau a kan wannan kawai.

KAFIN A YI FOMATIN

A shagunan gyara, maganin da aka fi saurin rubuta wa kowace cuta shi ne fomatin, watau a share faifan ajiya ƙarƙaf a ɗora sabuwar manhaja. Maganin yakan yi aiki, amma shi ne kuma ya raba ɗalibai da yawa da kundin bincikensu na kammala karatu, ya raba iyalai da hotunan biki da na suna. Dokar farko ke nan: duk takardar da mutum ba zai so rasa ta ba, ya kwafe ta zuwa wani faifai na waje, ya buɗe kwafin ya tabbatar yana karantuwa, sa'an nan ya miƙa injin. Kwafin da aka ajiye a wani ɓangare na faifan da za a share bai tsira ba, domin kuskuren danna maɓalli ɗaya ya isa ya tafi da duka.

Doka ta biyu ta shafi BitLocker, tsarin da ke kulle dukan faifai da mabuɗi mai lambobi 48. Tun daga fitowar Windows 11 ta ƙarshen 2024, wadda ake kira 24H2, injuna da yawa sukan kulle faifansu da kansu in an yi sabon ɗori an shiga da asusun Microsoft, mabuɗin kuma a cikin wannan asusun yake zama. In wani abu ya canja a BIOS ko aka sauya babban allon inji, sai kwamfuta ta tsaya ta nemi lambobin nan. Wanda mai gyara ya buɗe masa asusu da adireshin da bai sani ba, ya kuma manta kalmar sirri, to takardunsa sun tafi ke nan, don ko kamfanin ba ya iya ƙirƙiro masa wani mabuɗin. Ya kamata mai inji ya buɗe asusun da hannunsa, ya rubuta lambobin a takarda ya adana tare da muhimman takardunsa.

Doka ta uku ita ce wutar lantarki. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗora manhaja, yawanci sake farawa kawai za a yi. Amma in aka ɗauke ana sabunta BIOS, injin na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Kada a soma irin wannan aiki sai batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ya cika, ta tebur kuwa sai an haɗa ta da UPS ko inbata.

Ita manhajar kuwa daga shafin kamfanin ya kamata a ɗauko ta, domin kyauta ake saukewa. Ana bukatar filash mai giga 8 ko fiye, wanda babu komai a cikinsa tun da za a share shi. Nauyin manhajar ya haura giga 5, don haka sai a yi tanadin data. Kwafin da aka yi wa kwaskwarima wai don kada ya nemi lasisi, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa.

INDA AKA FI YIN TUNTUƁE

Matsalolin da ke tsayar da aikin ɗora manhaja ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai ke maimaita kansu.

Ta farko, a sa filash a kunna inji amma ya wuce abinsa zuwa tsohuwar manhaja. Dalili shi ne ba a gaya masa ya tashi daga filash ba. Da zarar an kunna, sai a riƙa danna maɓallin zaɓi: F9 a injunan HP, F12 a na Dell da yawancin na Lenovo. In filash ɗin bai bayyana cikin jerin ba, a gwada wata kafar, ko a sake shirya shi.

Ta biyu ita ce wadda ta fi rikita mutane. Ana isa wurin zaɓen faifai sai manhaja ta ce ba za ta zauna a wannan faifan ba saboda tsarin rabonsa. Akwai hanyoyi biyu na yanka faifai gunduwa-gunduwa. Tsohuwar, MBR, ba ta wuce manyan yankuna huɗu, ba ta kuma iya sarrafa faifan da ya haura tera 2. Sabuwar, GPT, tana ɗaukar yankuna har 128 a Windows. Ƙa'idar a taƙaice ita ce tsohon BIOS da MBR yake tafiya, UEFI kuma da GPT. In aka tayar da filash ta wata hanya alhali faifan na ɗaya tsarin ne, sai a yi karo. Windows 11 kuwa UEFI da GPT take so. Tun 2017 akwai wani kayan aiki cikin Windows 10 mai suna MBR2GPT wanda ke juya faifai zuwa sabon tsari ba tare da share takardu ba, bayan haka sai a shiga BIOS a mayar da inji kan UEFI. Duk da haka ba a yinsa sai an riga an kwafe takardu.

Ta uku, manhaja ta ce ba ta ga faifai ko ɗaya ba. Wannan ya fi faruwa a sababbin injuna, daga zuriya ta goma sha ɗaya ta Intel, kuma faifan lafiyarsa lau. Wata 'yar manhaja ce mai suna Intel RST ba ta cikin filash ɗin. Sai a sauko da ita daga shafin kamfanin da ya ƙera injin, a sa a filash, a nuna wa mai ɗorawa inda take.

Ta huɗu, a kwafi manhajar da hannu zuwa filash sai aikin ya tsaya a tsakiya. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, babban fayil ɗin Windows kuwa yakan wuce haka. Shi ya sa ake amfani da kayan aikin da Microsoft ya tanada domin shirya filash, ko kuma wata manhajar kyauta mai suna Rufus, su sun san yadda suke bi da shi.

Ta biyar, a kusa gamawa sai Windows 11 ta tsaya ta ce sai an haɗa ta da intanet, alhali ba ta ga waya-fai ba saboda ba ta da direbansa. A nan sai a jona wayar intanet kai tsaye, ko a haɗa wayar hannu da kebul a ba injin data daga gare ta.

In kuwa aiki yana tsayawa a wurare dabam-dabam, ko inji yana mutuwa da kansa, sai a daina zargin manhaja a duba ƙarfe. Wataƙila faifai ya gaji, ko sandar RAM ta saki, ko kuma ƙurar hunturu ta toshe fanka har zafi ya yi yawa. Inji yakan kashe kansa in ya yi zafi don kada furosesa ya ƙone. Busa ƙura da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi sun ceci injuna da yawa da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

BAYAN AN GAMA

Sabuwar manhaja na iya tashi babu sauti, ko rubutu ya yi ɓaro-ɓaro a fuska, ko na'urar buga takarda ta ƙi amsawa. Duk wannan maganar direbobi ce, watau ƙananan manhajojin da ke yin tafinta tsakanin babbar manhaja da kowane sashe na inji. Yawancinsu Windows takan sauko da su da kanta in an bar ta a kan intanet na ɗan lokaci, sauran kuma suna shafin kamfanin da ya ƙera injin.

Game da lasisi, tun zamanin Windows 8 a 2012 manyan kamfanoni ke dasa lambar lasisi a cikin injin tun daga masana'anta. Injin da ke da halaltacciyar Windows 10 kuma ya cika sharuɗɗa, kyauta yake hawa Windows 11, in dai an ɗora iri ɗaya, Home a kan Home, Pro a kan Pro. Mai irin wannan inji ba shi da dalilin biyan kuɗin wani lasisi.

Akwai kuma matsalar agogo. Injin da ya zo daga waje yakan zo da lokacin garin da ya fito, sai a mayar da shi lokacin Afirka ta Yamma, wanda ke gaban agogon GMT da awa ɗaya. In kuwa kullum aka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya, har shafukan banki su ƙi buɗewa, to ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo da ke kan babban allo ya mutu. A yawancin injunan tebur sunansa CR2032, ana samunsa wurin masu gyaran agogo da kuɗi kaɗan.

Ga masu rubutun Hausa, Windows tana da tsarin allon rubutu na Hausa wanda ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar. Ana ƙara shi a sashen lokaci da harshe na saitin inji. In haruffan suka fito kamar 'yan akwatuna, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da su, sai a sauya wani.

IN INJI BAI CANCANTA BA

Wanda bincike ya nuna injinsa bai cika sharuɗɗa ba yana da hanyoyi uku ban da sayen sabo.

Hanya ta farko ita ce sayen lokaci. Microsoft ya buɗe wani shiri mai suna ESU na ci gaba da aiko da facin tsaro ga Windows 10 mai lamba 22H2. A sanarwar da ya bayar a 2025, mai inji na gida zai iya shiga da dala 30, ko kyauta in ya yarda ya ajiye saitin injinsa a asusun Microsoft, kuma an sa wa'adin ran 13 ga watan Oktoba na 2026. Kamfanoni kuwa dala 61 ne kowane inji a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Wannan jinkiri ne kawai na shirya kaya.

Hanya ta biyu ita ce tsallake shingen. Rufus da wasu dabaru suna iya sa Windows 11 ta zauna a injin da bai cancanta ba, masu gyara da yawa kuma haka suke yi. Sau da yawa injin yakan yi aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji faci ba. Daɗin daɗawa, 24H2 ta ƙi tashi sam a kan furosesoshin da suka tsufa ainun. Saboda haka ganin Windows 11 a fuskar injin da ake tallatawa ba shaida ba ce cewa ya cika sharuɗɗa.

Hanya ta uku ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya soma ta a 1991 a Jami'ar Helsinki, ya sake ta kyauta ga duk mai so ya yi amfani da ita ko ya gyara. A yau ita ce ke tafiyar da yawancin manyan injunan da intanet ke zaune a kansu, a kanta kuma aka gina Android da ke cikin wayoyin hannu. Ga mai kwamfutar gida akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, sunanta ma daga harsunan Zulu da Khosa aka ɗauko shi, ma'anarsa mutuntaka. Akwai kuma Linux Mint ta 2006, wadda fasalinta ya yi kusa da na Windows. Mint tana tashi da RAM giga 2, ko da yake giga 4 ya fi daɗin aiki. Ubuntu 24.04 da Mint 22, waɗanda suka fito a 2024, za su ci gaba da samun faci kyauta har 2029.

Wani alherin Linux shi ne ana iya ɗanɗana ta daga filash ba tare da an taɓa faifai ba. Sai mutum ya gwada sauti da waya-fai da na'urar buga takardarsa, in komai ya yi sa'an nan ya ɗora. Tana zuwa da LibreOffice, mai buɗe takardun Word da Excel, tana kuma da allon rubutu na Hausa. Amma kowane allazi da nasa amanu. CorelDRAW da Photoshop da ainihin Microsoft Office ba a yi su domin Linux ba, don haka mai shagon zanen kati da fosta sai ya yi tunani sosai kafin ya ƙaura. Ɗalibi ko malami ko ɗan kasuwa wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, shi kam ba zai rasa kome mai yawa ba.

Wanda ya ajiye manhajojin biyu a inji ɗaya zai iya ganin agogo yana kuskure da awa ɗaya duk lokacin da ya sauya. Dalili shi ne Linux tana ɗaukar agogon cikin inji a matsayin na GMT, Windows kuwa tana ɗaukarsa na gida. Ana daidaita su a saiti. Ya kamata kuma a kashe tsarin saurin tashi na Windows, domin yakan bar faifai a kulle yadda Linux ba za ta iya rubutu a cikinsa ba.

GA MAI SHIRIN SAYE

Araha dai ba ta ado. Duk wanda zai sayi kwamfutar hannu ya nemi a kunna ta a gabansa, ya karanta lambar furosesa da idonsa, ya buga tpm.msc ya ga 2.0. Ya shiga BIOS ya tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita. Ya haɗa ta da intanet tun a shagon, domin wasu injunan da suka fito daga manyan kamfanonin waje har yanzu suna cikin rajistar kamfanin, da zarar an yi musu sabon ɗori sai su nemi sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Ya tambaya ko faifan SSD ne ko mai juyawa, tun da sauya tsohon faifai da SSD ya fi kowane gyara ƙara wa inji sauri. Sa'an nan ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin.

Injin zuriya ta shida ko ta bakwai ba abin yarwa ba ne ga wanda ya saye shi da saninsa, a farashin da ya dace da shi, da niyyar ɗora masa Linux. Wanda za a tausaya wa shi ne wanda ya biya kuɗin doki aka ba shi jaki da sirdi. Shugabannin makarantu da masu cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta da ƙananan ofisoshi, waɗanda ke da injuna goma ko hamsin ko ɗari, ya kamata su sa a bi su ɗaya bayan ɗaya a rubuta zuriyar kowanne da manhajar da ke kansa, a ware masu iya hawa Windows 11 da masu komawa Linux, tun kafin wata cuta irin ta 2017 ta zo ta yi musu wannan ƙidayar. Ba a fafe gora ranar tafiya.